Tarihin Jinyar Manya a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram: Wajibi Ɗaya, Ƙarfi Daban-daban

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a wani babban asibiti a ƙasar Hausa ya san cewa waɗanda ke kwance a kan gado ba su kai yawan waɗanda ke kwance a kan tabarma ba. Na kan gado su ne marasa lafiya. Na kan tabarma kuwa, a baranda ko a gindin bishiya, su ne 'yan jinya. Su ke dafa wa mara lafiya abinci, su wanke shi, su juya shi, su kai shi bayan gida, su je sayen magani, in kuma an bukaci jini su ba da nasu ko su nemo mai bayarwa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya zo asibiti don ba shi da abin yi. Wani gona ya baro, wani rumfar kasuwa, wata tukunyar ƙuli-ƙuli, wani kuma teburin ofis.

Masana tarihi sun yi rubutu mai yawa a kan sarauta da yaƙe-yaƙe da fatauci, amma ba safai suke waiwayar wannan aiki ba, alhali kuwa da wuya a sami gidan da bai taɓa yin sa ba. Wannan lacca za ta bi sawun tarihinsa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, watau kudancin Jihar Jigawa, tun daga ƙarni na 19 har zuwa wannan zamani. Abin da ake son nunawa shi ne, wajibcin kula da uwa ko uba ko wani babban ɗan'uwa da ciwo ya kwantar iri ɗaya ne a kan kowa, amma abin da kowa ke biya wajen sauke shi ya bambanta ƙwarai da gaske. Mai hali yakan biya da kuɗi. Marar hali yakan biya da kwanakin aikinsa, daga nan dabbarsa, daga nan gonarsa. Har ila yau, a kowane zamani aikin hannu na jinyar yakan gangara zuwa kan wanda ya fi kowa ƙarancin murya a cikin gida.

Ma'anar Jinya da Matsayinta a Shari'a

Kalmar jinya a Hausa tana ɗaukar mutum biyu. In aka ce wane yana jinya, ana nufin ba shi da lafiya. In aka ce yana jinyar mahaifinsa, ana nufin shi ne mai kula da mara lafiyar. Ke nan tun asali harshen ya gane cewa ciwo guda mutum biyu yake kwantarwa, ɗaya a kan shimfiɗa, ɗaya a gefenta.

Ta fuskar addini babu saɓani a kan matsayin iyaye. A cikin Suratul Isra'i an haɗa umarnin kyautata musu da umarnin kaɗaita Allah, kuma lokacin tsufansu aka ambata musamman. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malaman wannan ƙasa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun wajabta wa mutum ciyar da iyayensa matalauta matuƙar yana da iko. Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su. Na farko, wajibin ciyarwa bai ƙetara zuwa baffa ko gwaggo ko yaya ba, su hakkinsu na zumunci ne. Na biyu, shari'a ba ta ɗora wa matar mutum hidimar iyayen mijinta ba, in ta yi, kyautatawa ce daga gare ta. Na uku, rabon gado yana bin dangantaka, ba ya bin wahala, don haka ɗan da ya shekara goma yana jinyar uba da ɗan da bai zo ba sai ranar jana'iza rabonsu ɗaya. A tsakanin abin da shari'a ta wajabta da abin da al'ada ta saba ne yawancin bambancin da za a yi magana a kai ya sami wurin zama.

Ƙasar da Mutanenta

Birnin Kudu tsohon mazauni ne, kamar yadda zane-zanen da ke jikin duwatsunsa, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, suke shaidawa. Shi da Gwaram sun daɗe a ƙarƙashin Masarautar Kano, suna gefenta na kudu maso gabas, kusa da ƙasar Ningi da ta Bauchi. Sun shiga Jihar Kano da aka ƙirƙiro a 1967, sa'an nan suka faɗo cikin Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, a ƙarƙashin Masarautar Dutse. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu mutum fiye da 300,000, Gwaram kuma fiye da 270,000. Akasarinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Ana noma gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi da shinkafa, ana kuma hada-hadarsu a manyan kasuwanni irin ta Sara. Masu cin albashi 'yan kaɗan ne in an gwada su da sauran jama'a. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar na shekarar 2019 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa suna ƙasa da ma'aunin talauci. Wannan adadi shi ne ya kamata mai karatu ya riƙe a zuciya, domin a cikin irin waɗannan gidaje ake yin mafi yawan jinyar.

Kafin Zuwan Turawa

A ƙarni na 19 babu albashi, babu fensho, babu asibiti. Madogarar tsoho ita ce gandu, watau tsarin da uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suke noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya. Maigida shi ke riƙe da gona da rumbu, shi ke yi wa 'ya'ya aure, su kuma su ba shi ƙarfinsu, tare da ɗan lokacin da ake bar musu na noma gayaunarsu. Da ƙarfin uba ya ƙare sai babban ɗa ya karɓi ragamar aiki, tsoho ya koma zaure, tuwonsa kuma yana nan. Muddin gandu na tsaye, kwanciyar mutum ɗaya ba ta tsayar da noma, domin akwai hannuwa da yawa.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa kowa yana da irin wannan gandu. Ƙasar Kano ta wancan zamani ƙasa ce mai bayi da yawa. A gidan sarauta da gidan attajiri da na babban malami, bayi ke noman rinji, kuyangi ke daka da ɗiban ruwa da wanki, kuma su ne ke kwana kusa da tsohuwar gida in ta kwanta. Ɗa yana samun albarkar iyaye da yabon jama'a, amma hannun da ya wanke tsumma ba nasa ba ne. Shi kuwa talakan da ba shi da bawa, shi da matarsa ne kaɗai, in ya zauna jinya ciyawa ta cinye gona. A can ƙasa kuma akwai bawan da ya tsufa, wanda aka rabo shi da danginsa tun yana yaro, wanda jinyarsa ta dogara ga tausayin ubangijinsa.

Wannan yanki yana da wata matsala tasa ta daban. Tun daga wajajen 1850 har zuwa ƙarshen ƙarnin, mayaƙan Ningi sun riƙa kai hari kudancin ƙasar Kano, Sarakunan Kano kuma, musamman Abdullahi Maje Karofi, suna kai musu yaƙi. Mai kai hari majiya ƙarfi yake kamawa, samari da 'yan mata, ya bar tsofaffi. Saboda haka ƙauyukan bakin iyaka sun san tsufa ba mai jinya tun kafin a san wani abu wai shi ci-rani a Legas.

Waɗanda gida ya kasa ɗauka kuwa, bara ita ce mafakarsu, kuma hukuma ta san da ita har ta tsara ta. A birnin Kano da sauran manyan garuruwa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, kowanne da jama'arsa. Zakka da sadakar Juma'a da tuwon maƙwabta su ne suka tsaya a matsayin abin da yau ake kira tallafin gwamnati.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Abubuwa uku da suka biyo baya sun sauya yadda ake jinya a karkara, ko da yake ba don jinyar aka yi su ba.

Na farko shi ne mutuwar bauta. Dokar da Lugga ya kafa a 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na wannan shekara ɗa ne. Bayi da yawa suka fanshi kansu ta hanyar murgu, wasu suka gudu, har aka soke bautar ɗungurungum a 1936. Wannan babban alheri ne, amma aikin da kuyanga take yi bai tafi tare da ita ba. Daka da ɗiban ruwa da wankin mara lafiya suna nan, sai suka koma kan matan gida. Masu kuɗi suka ɗauki barori da 'yan aiki, marasa kuɗi suka duba matar ɗa.

Na biyu shi ne kuɗi. Da aka tilasta biyan haraji da tsabar kuɗi, aka kuma zaunar da hakimai a gundumominsu don karɓarsa, sai kowane gida ya shiga neman abin sayarwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Saurayi ya gane cewa zai iya noma gyaɗarsa, ko ya tafi ci-rani birnin Kano ko ma'adinan kuza na Jos, ya sami kuɗin aure ba tare da jiran uba ba. Igiyar da ta ɗaure ɗa a gandu ta fara sassautawa. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka buga a 1972, da wanda ta yi a Ɗorayi ta ƙasar Kano, wanda ya fito a 1977, sun nuna cewa manomi mai wadata shi ke iya riƙe 'ya'yansa a gandu, na matalauci kuwa da wuri suke watsewa, domin babu gonar da za ta riƙe su. Ma'anar wannan a fili take: tsohon da ya fi kowa bukatar 'ya'ya kusa da shi, shi ne ya fi saurin rasa su. Yunwar 1914, da kuma farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, sun ƙara tarwatsa irin waɗannan gidaje.

Na uku shi ne haihuwar ajin masu albashi. En'e ta Kano da baitulmalinta sun fito da malaman haraji da alƙalai da 'yan doka da malaman makaranta da na asibiti, masu karɓar kuɗi a ƙarshen kowane wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Asibiti na zamani ma a birni ya fara. Mutumin Gwaram da zai kai mahaifinsa asibitin birnin Kano sai ya yi tafiyar kwanaki, ya nemi masauki, ya bar gonarsa. Kutare kuma aka riƙa tara su a sansanoni irin na Yadakunya, wanda mishan ta Sudan Interior ta gudanar. Daga wannan lokaci aka sami jinya iri biyu, ta asibiti ga mai iko, da ta gida da sassaƙe da rubutu ga marar iko.

Daga Mulkin Kai zuwa 1986

Bayan samun mulkin kai a 1960 makarantu suka yawaita. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye ɗalibai da dama da suka zama manyan ma'aikata da 'yan siyasa da attajirai, cikinsu har da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi da Alhaji Aliko Ɗangote. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, da gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekara, sun buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar aikin gwamnati. Sai dai ba kowane ɗa aka sa makaranta ba. A gida ɗaya za a ba da ɗa guda ga boko, a tura wani almajiranci, a bar wani ya taya uba noma. Bayan shekara ashirin, na farko yana Kano ko Kaduna da albashi, na ƙarshe yana gida da fartanya, kuma shi ne kusa ranar da uba ya faɗi. Rabon aikin da aka yi musu tun suna yara shi ya yanke wanda zai aiko da kuɗi da wanda zai ɗauki fo.

Dokokin da aka kafa a wannan zamani sun ƙara faɗin wannan rata. Asusun ajiyar ma'aikata na 1961 na masu aiki a kamfanoni ne. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, ya cika aljihun ma'aikaci, ya kuma tayar da farashin kaya a kan manomin da bai karɓi ko kwabo ba. Dokar fensho ta 1979 ta ma'aikatan gwamnati ce. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara tare da biya, ta ba mace hutun haihuwa na mako shida kafin ta sauka da shida bayan ta sauka, amma babu hutun jinyar uwa ko uba a cikinta. Manomi da ɗan tireda da mai sana'ar cikin gida kuwa, ba su shigo lissafinta ba sam. Abin da ya taɓa talakan karkara kai tsaye a wannan zamani shi ne soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a Jihar Kano a 1979, da kuma maganin da ake samu a asibitocin gwamnati kyauta ko da araha a shekarun arzikin man fetur.

Daga 1986 zuwa Yau

Shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar Naira, ya kuma rage abin da gwamnati ke kashewa a asibitoci. Daga nan aka shiga zamanin da ake rubuta wa mai jinya takarda ya fita ya sayo magani da allura da ruwan ƙari. An sami ci gaba ta wani gefen, domin a shekarar 2000 Gwamnatin Tarayya ta mai da asibitin Birnin Kudu Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ga kuma makarantar koyon aikin jinya a garin. Asibiti ya matso kusa, amma kuɗinsa ya yi nisa. Bugu da ƙari, cututtukan da ke kwantar da manya a yanzu masu daɗewa ne: hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da yake jawowa, ciwon sukari, ciwon ƙoda mai bukatar wanki a kai a kai, makanta, taɓin hankali da ruɗewar tsufa. Jinyar da a dā take ƙarewa cikin mako biyu, ko da sauƙi ko da rasuwa, yanzu takan ɗauki shekaru. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara tsadar mota da ta magani a kan wannan duka.

Shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa dokarsa a 1999 aka fara aiki da shi a 2005, misali ne mai kyau na yadda hukuma take kallon iyali. Ya ɗauki ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa da uba ba sa ciki, sai in ma'aikaci ya biya ƙarin kuɗi a kansu. Wannan ma'auni na iyalin Turai ne, bai yi daidai da gidan Bahaushe ba, inda mai albashi ɗaya kan ɗauki mutum goma sha.

Rukunan Masu Jinya

In aka duba yadda abin yake a wannan yanki, za a iya kasa masu jinya kashi huɗu.

Kashi na farko su ne manyan ma'aikata da attajirai. Albashinsu ko cinikinsu ba ya tsayawa don ba sa nan. Suna iya ɗauko tsoho su kawo shi gidansu na birni, su kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin kuɗi, wasu har Masar ko Indiya. Suna iya ɗaukar mai kula da shi. Suna shan damuwa da kashe kuɗi, amma ba sa rasa sana'a.

Kashi na biyu su ne ƙananan ma'aikata, irin su malamin firamare da masinja da ma'aikaciyar ƙaramin asibiti. Dangi suna ganin su masu albashi ne, don haka kowace takardar magani wurinsu take zuwa. Ba su da hutun jinya, sai dai su ci daga hutun shekara, ko su roƙi shugaba ya kau da kai. Wanda ke da uwa a gindin murhu ya sami izini, wanda ba shi da kowa ya sami takardar tuhuma. Mafakarsu ita ce adashi da bashin ƙungiyar ma'aikata, har albashi ya ƙare tun bai shigo ba.

Kashi na uku su ne manoma da 'yan ƙwadago da masu sana'ar yini, irin su ɗan acaba da ɗan dako. Su ranar da ba a fita ba, ba a samu ba. Ciwo kuma ba ya duba kalanda. In tsoho ya kwanta a tsakiyar damina, lokacin noman fari ko maimai, mako biyu a asibiti ya isa ya rage amfanin shekara guda. Akwai tsarin da sayarwa take bi, kuma kusan kowa ya san shi: kaji, sa'an nan akuya ko tunkiya, sa'an nan hatsin rumbu, sa'an nan bashin da za a biya da kaka, sa'an nan jinginar gona, daga ƙarshe sayar da ita. Sau da yawa mai sayen gonar ɗan kashi na farko ne. Ta haka jinya take ɗauke ƙasa daga hannun marar ƙarfi ta miƙa wa mai ƙarfi, ba tare da kowa ya yi zalunci a fili ba.

Kashi na huɗu su ne mata, kuma sun cancanci a yi maganarsu daban.

Rabon Mata

Kuskure ne a ce matar karkara ba ma'aikaciya ba ce. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana dama fura, tana saƙar faifai da tabarma, tana kiwon awaki, da wannan take zubin adashi, take biki, take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Jarinta ƙarami ne, wata ɗaya na jinya ya isa ya cinye shi, masu saye kuma su koma wani gida.

Al'adar kunya ta raba aikin jinya. Tsoho namiji, matarsa ce ko 'ya'yansa maza ke taɓa jikinsa, domin akwai surukuta tsakaninsa da matar ɗansa, amma abincinsa da wankinsa da ruwan zafinsa duk daga hannun mata suke fitowa. Tsohuwa kuwa tana hannun 'yarta ko matar ɗanta. Cikin 'ya'ya mata ma ba a raba daidai. Wadda ke auren mai hali a birni takan zo dubiya da sabulu da lemo ta koma. Bazawara, ko wadda ba ta haihu ba, ko wadda mijinta ba shi da ta cewa, ita ake ce wa ta zauna, wai ita ce ba ta da abin yi. In duk babu, sai a ba kaka jika mace ta riƙa yi mata aike, yarinya ta bar makaranta ke nan. Haka kuma macen da ta sami lalurar yoyon fitsari ko taɓin hankali, galibi gidan iyayenta ake mayar da ita, tsohuwar da ta kai a yi jinyarta ta koma jinyar 'yarta. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa mata ke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da mutane da ba a biya a duniya baki ɗaya. Abin da ake gani a Sundimina ko Basirka reshe ne na wannan babban al'amari.

Matakan Hukuma

Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka fara taɓa wannan matsala. A 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamiɗo, wanda shi kansa mutumin Bamaina ne ta ƙasar Birnin Kudu, ta fara biyan naƙasassu Naira 7,000 a kowane wata. A lokacin wannan kuɗi ya ɗara mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda yake Naira 5,500. Amma mafi ƙarancin albashin ya koma Naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024, abin da ke nuna yadda tsadar rayuwa take cinye irin wannan tallafi in ba a riƙa ɗaga shi ba. Kwamitin zakka na Masarautar Dutse shi ma yana tara hatsi da dabbobi da kuɗi yana raba wa mabukata. A matakin Tarayya an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi a 2018, da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a 2019, da sabuwar dokar inshorar lafiya a 2022, wadda ta tanadi asusu domin marasa galihu. Duk waɗannan matakai na kan gado suke kallo. Na kan tabarma bai shiga cikinsu ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya, kuma akwai darasi a cikin kurakuransu. Ingila ta fara biyan mai jinya alawus a 1976, amma ta hana matan aure, bisa zaton cewa jinya aikinsu ne dama, sai a 1986 kotu ta sa aka gyara. Jamus ta kafa inshorar jinyar dogon lokaci a 1995, har ana zuba wa mai jinyar ɗan'uwansa kuɗin fensho, Japan kuma ta kafa tata a 2000. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 156 tun 1981, wadda ta ce kada nauyin iyali, har da na manyan dangi masu bukatar kulawa, ya zama dalilin tauye ma'aikaci. Ba a ce a kwafo tsarin waɗannan ƙasashe yadda yake ba, domin yawancin masu jinyar Birnin Kudu da Gwaram ba su da ofishin da zai ba su hutu. Darasin shi ne, sai da aka yarda cewa jinya aiki ce kafin aka fara tunanin raba nauyinta.

Kammalawa

An ga yadda aikin jinya ya taso daga hannun kuyanga ya koma hannun matar ɗa da bazawara da jika, da yadda gandu ya fara rushewa daga gidajen matalauta, da kuma yadda albashi da fensho da inshora suka kare 'yan kaɗan suka bar masu yawa. Maganar da ake yawan yi cewa Bahaushe ba ya yar da tsohonsa gaskiya ce, abin alfahari ce kuma. Sai dai hukuma ta daɗe tana fakewa da ita, ta bar wa gida dukkan nauyin, gida kuma ya bar wa mafi rauninsa.

Akwai abubuwan da ba su fi ƙarfin masu karanta wannan lacca ba. Ma'aikacin da ke tsara dokokin aiki yana iya sa hutun jinya a rubuce, domin masinja ya same shi kamar yadda darakta ke samu. Mai tsara inshora yana iya faɗaɗa ma'anar iyali ta ɗauki uwa da uba. Kwamitocin zakka suna iya duba gidan da jinya ta hana noma kafin a kai ga jinginar gona. Malamai suna iya tunatar da jama'a cewa hidimar matar ɗa kyauta ce da ta cancanci godiya da sakayya, kuma shari'a ba ta hana 'yan'uwa su yanka wa mai jinya lada daga aljihunsu ba. Ɗalibin da zai fita ya kama aiki a Dutse ko Abuja kuwa, ya kamata ya riƙa tunawa cewa kuɗin da zai aiko gida rabin jinya ne kawai, ɗaya rabin yana wuyan ƙaninsa ko ƙanwarsa da aka bari a gida, kuma su ma suna da sana'ar da suka ajiye. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.